Al Ahly ta Alƙahira: abin da ke riƙe ƙungiya har ta wuce shekara ɗari

Duk wanda ya yi wayo a Gusau a shekarar 2009, kuma yana zaman majalisar 'yan ƙwallo, zai tuna daren da labari ya iso cewa Kano Pillars ta fitar da Al Ahly daga gasar cin kofin zakarun Afirka. An tashi 1-1 a nan Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, ƙwallayen waje suka tsallakar da Sai Masu Gida. Mu da ba Kanawa ba mun yi murna kamar a gidanmu aka yi haihuwa, domin ba ƙaramin gwarzo aka kayar ba. Ahly ce ke riƙe da kofin a lokacin. Shekara huɗu a jere, daga 2005 zuwa 2008, tana zuwa wasan ƙarshe, ta ɗauki uku daga ciki. Ɗan hakin da ta raina ne ya tsone mata ido.

Washegari muna ta cika baki a gindin bedin da muke zama, sai wani malaminmu da ya yi karatu a Azhar, wanda ba ya cika sa baki a hirar ƙwallo, ya tsaya da kekensa. Ya ce, "Ku yi murna, ɗiyana, kun cancanta. Amma ku sani 'yan wasa goma sha ɗaya anka kayar. Gidan shina nan tsaye." Na ce, "Allah gafarta Malam, wane gida kuma?" Ya ce in na ƙara girma in bincika.

Lokaci ya gaskata shi. Daga wannan dare zuwa 2024, Ahly ta ƙara ɗaukar kofin sau shida, ya zama 12 ke nan, kuma babu ƙungiyar da ta ko kusanto ta a nahiyar. Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a waccan shekarar, Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Ta ci gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, ta dawo a shekarar da ta biyo. Mu kuwa a nan, Zamfara United da muka taɓa cika filin Sardauna dominta, an daɗe da daina jin sunanta a babbar gasa. Wannan "gida" da Malam ya faɗa shi ne abin da nake son mu duba, domin a ganina kofunan Ahly 'ya'yan itace ne kawai, kuma mu a ƙasar nan mun fi kallon 'ya'yan fiye da saiwar.

An kafa Al Ahly ranar 24 ga Afrilun 1907. Shekara huɗu ke nan da Turawa suka ci Sakkwato, shekara ɗaya da yaƙin Satiru, kuma saura shekara bakwai a haɗe Kudu da Arewa a ce ƙasa ɗaya ce. Masar tana hannun Turawan Ingila tun 1882. Wuraren wasanni da hutawa na Alƙahira a lokacin kusan duk na baƙi ne, babbansu kuwa shi ne kulob ɗin tsibirin Gezira, wanda aka gina domin hafsoshin Ingila. Ɗan ƙasa sai dai ya hanga daga bakin shinge. Wani lauya mai suna Umar Luɗfi, shugaban ƙungiyar ɗaliban manyan makarantu kuma abokin ɗan kishin ƙasar nan Mustafa Kamil, shi ya kawo shawarar a samar wa ɗalibai wurin kansu, inda za su motsa jiki, su zauna, su yi magana.

A lura da abu biyu. Na farko, ba don ƙwallo aka kafa ta ba. Sai a 1911 aka buɗe sashen ƙwallon ƙafa, wato an yi shekara huɗu ana da fili da gini da mambobi da shugabanni kafin a samu 'yan wasa. Na biyu, Umar Luɗfi shi ne mutumin da Misirawa ke ɗauka uban ƙungiyoyin gama-kai a ƙasarsu, masu haɗa 'yan kuɗaɗen manoma da ma'aikata su zama jari guda. Da wannan tunanin ya gina kulob ɗin: abin da jama'a suka haɗa hannu suka mallaka. Sunan ma ya faɗi haka. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, don kalmarmu ta "ahali" daga tushe ɗaya ta fito. Al Ahly na nufin na 'yan ƙasa, na mutanen gida.

Sun kuma yi dabara irin ta wanda ya san a ƙarƙashin wa yake zaune. Shugaban farko da suka naɗa Bature ne, Mitchell-Innes, mashawarci a ma'aikatar kuɗi, domin samun fili a Gezira ya zo da sauƙi. Amma wanda ke shugabantar babban taron mambobi shi ne Sa'ad Zaglul, ministan ilimi na lokacin, wanda daga baya ya jagoranci boren 1919 na neman 'yanci. A 1925 aka mayar da zama mamba na Misirawa zalla. Kishiyarta Zamalek kuwa wani lauya ɗan Beljiyam ne ya kafa ta a 1911, ta sauya suna sau da yawa, har ta taɓa ɗaukar sunan Sarki Faruk kafin juyin mulkin 1952. Shi ya sa har yau ɗan Ahly ke ganin tasu ce ta talakawa, ta Zamalek ta fada ce, ko da yake a zahiri kowane ɓangare yana da attajiransa da matalautansa. Hamayyar ta yi zafin da sau da yawa daga wata ƙasa ake ɗauko alƙalin wasan da zai busa.

Da aka fara gasar ƙasa a 1948, Ahly ta cinye tara na farko ba tare da kowa ya ɗanɗana ba. Zuwa kakar 2024/25 ta ɗauka sau 45. Amma wanda ya zaci hanyar shimfiɗaɗɗiya ce bai san tarihin ba. Bayan kofin 1962 ta yi shekara goma sha uku ba ta sake cin gasar ba. A tsakani aka yi yaƙin 1967 da Isra'ila, aka dakatar da ƙwallo na tsawon shekaru. A wurinmu fari irin wannan ya isa a rufe ƙungiya, a raba kayan, kowa ya kama gabansa. Su abin da suka yi shi ne ɗauko Nandor Hidegkuti, ɗan Hangare ɗin da ya ci Ingila ƙwallo uku a Wembley a 1953, suka ba shi yaran da suka taso a gidan, suka ba shi lokaci. Ya yi shekara bakwai. A hannunsa aka dawo da kofin a 1975, kuma a hannunsa Mahmud al-Khatib, wanda suke kira Bibo, ya zama tauraro. Shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 1983, kuma mambobi suka zaɓe shi shugaban kulob ɗin a 2017. Yaron da ya shiga gidan da takalmin atisaye shi ne ya zauna kujerar maigida.

Wannan zaɓe shi ne zuciyar maganar. Ahly ba ta gwamna ba ce, ba ta kamfani ba ce, ba ta wani hamshaƙi ba ce. Ta mambobinta ce, dubun-dubatar iyalai da ke biyan kuɗin shiga da na shekara-shekara. Abin da suke samu ba tikitin kallon wasa ba ne kawai. Kulob ɗin yana da harabobi a Gezira da Madinatu Nasr da Sheikh Zayed da sabuwar Alƙahira, masu wuraren ninkaya da lambuna da wuraren cin abinci da filayen yara. Magidanci ya tashi aiki ya kai iyalinsa can su sha iska, ɗansa yana koyon ƙwallon kwando, 'yarsa tana ninkaya. Ko ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta sha kashi ranar Juma'a, ranar Asabar ƙofar a buɗe take, kuɗin mamba kuma yana shigowa. A kan wannan aka ɗora kuɗin talla da na haƙƙin nuna wasa da tashar talabijin ta kulob ɗin da aka buɗe a 2008. Bayan 'yan shekaru kuma mambobin su yi layi su kaɗa ƙuri'a, wanda ya yi wasa da amana su sauke shi. Har ƙungiyar kwandonta ta ci gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2023.

Gida irin wannan yana haifar da wata ɗabi'a da kuɗi kaɗai ba sa saya. Wanda ya fi kowa kafa ta shi ne Saleh Selim, tsohon ɗan wasan da ya shugabanci kulob ɗin a shekarun 1980, ya sake dawowa daga 1992 har rasuwarsa a 2002. Kalmar da ake jingina masa, wadda kowane ɗan Ahly ya haddace, ita ce Ahly na sama da kowa. A 1985 manyan 'yan wasa suka yi wa hukumar kulob bore ana dab da karawa da Zamalek a gasar cin kofin Masar. Aka dakatar da su, aka fito da yaran ƙaramar ƙungiya, yaran suka ci 3-2. Ni ba cin ne ya fi burge ni ba, don da an sha kashi ma hukuncin daidai ne. Abin da ya burge ni shi ne akwai yaran da za a fito da su, an horar da su, sun san rigar. Tagwayen nan Hossam da Ibrahim Hassan sun fice zuwa Zamalek a 2000, shekarar da hukumar CAF ta naɗa Ahly gwarzuwar ƙungiyar ƙarni a Afirka, aka ɗauka rufin zai rufta, sai ga kofin zakarun Afirka a 2001. Essam al-Hadary, golan da babu kamarsa a nahiyar a zamaninsa, ya tsallake zuwa Sion ta Suwizalan a 2008 ba da yardar kulob ba. An kai ƙara FIFA, kuma bai sake tsare wa Ahly raga ba. A shekarar da ya tafi aka ci kofin Afirka ba da shi ba, bayan doke Coton Sport ta Garwa.

Da yawanmu zamanin Manuel José muka sani, ɗan Fotugal ɗin da ya ci kofin zakarun Afirka sau huɗu da Ahly. A watan Agustan 2001, yana sabon zuwa, Real Madrid ta su Zidane da Figo ta je Alƙahira wasan sada zumunta, aka doke ta 1-0, kuma ɗan Najeriya ne ya ci, Sunday Ibeji. Daga 2004 zuwa ƙarshen 2005 ƙungiyar ta yi wasa 55 ba a doke ta ba, sai da Al Ittihad ta Jidda ta karya lagon a gasar ƙungiyoyin duniya a Japan. Wael Goma a baya, Barakat a gefe, Emad Moteab da Flavio ɗan Angola a gaba, sai Muhammad Abutrika a tsakiya yana raba ƙwallo kamar mai rabon goro a ɗaurin aure, kowa ya samu nasa a kan lokaci. Ƙwallon da ya ci Sfaxien a Tunisiya a mintin ƙarshe na wasan ƙarshe na 2006 har yau ana maimaita ta. Waɗannan mutanen, ban da Flavio, su ne ƙashin bayan Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. A na ƙarshen mun ɗanɗana da kanmu a Benguela, inda muka fara ci amma aka tashi 3-1. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan wasanmu suna taruwa daga ƙasashe goma su yi atisayen mako biyu, nasu kuwa shekara da shekaru suna wasa tare a riga ɗaya, saboda kulob ɗinsu yana biyan abin da zai hana su garajen tafiya Turai.

Abutrika ya cancanci a tsaya a kansa, don ya wuce ɗan wasa a idon mutanenmu. Ya karanci falsafa a jami'a, an san shi da riƙon addini, kuma shi ne ya ɗaga rigarsa a gasar 2008 a Gana ya nuna rubutun tausaya wa Gaza. Akwai yara a unguwanninmu da ake yi wa laƙabi da sunansa alhali ba su taɓa ganin wasansa ba. Kuma yana cikin fili ranar da gidan ya ga baƙin ranar da ta fi kowace.

Ranar 1 ga Fabrairun 2012, Ahly ta je birnin Port Said wasa da Al Masry. Masu gida suka ci 3-1. Ana busa tashi sai jama'a suka kwararo cikin fili, suka nufi ɓangaren baƙi da wuƙaƙe da duwatsu da sanduna. Ƙofar fita a rufe, fitilu suka mutu, 'yan sanda suna tsaye. Mutum 74 suka rasu, 72 daga ciki magoya bayan Ahly, yawancinsu samari. An shigo da masu rauni ɗakin sauya kayan 'yan wasa, wani ya cika a hannun Abutrika. Shi da Barakat da Moteab suka ce sun bar ƙwallo, sai daga baya aka lallashe su. Da yawan Misirawa sun yi imanin an ƙyale abin ya faru ne don a rama rawar da matasan Ultras, wato riƙaƙƙun magoya bayan ƙungiyar, suka taka a dandalin Tahrir a 2011. Kotu ta yanke wa mutum 21 hukuncin kisa a Janairun 2013, hukuncin ya sake tayar da wani rikicin da ya ci rayuka a Port Said. Aka soke gasar Masar, aka hana 'yan kallo shiga filaye na tsawon shekaru.

Mutumin Zamfara ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da uwa ke ji in yaro ya fita da rana bai dawo ba. Mun san ƙauyukan da filin ƙwallonsu ya koma ciyawa saboda samarin sun gudu ko an binne su. Shi ya sa abin da ya biyo baya yake taɓa ni. Watanni tara bayan musibar, ba gasar cikin gida, ba 'yan kallo a mafi yawan wasanni, Ahly ta je Tunisiya ta doke Esperance 2-1 ta ɗauki kofin Afirka. A 2013, an sake soke gasar Masar saboda juyin mulki, ta sake ɗauka a hannun Orlando Pirates. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa ko da alherin mutum ɗaya ba za ta tsallake shekarun nan biyu ba.

To amma ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a yabo. Akwai abubuwan da ke sa maganar ta yi nauyi.

Ahly ba ta taɓa yin nisa da masu mulki ba. Jamal Abdul Nasir ya riƙe shugabancinta na girmamawa, kuma kowace gwamnati ta san cewa fushin magoya bayanta ba abin wasa ba ne. Sauran ƙungiyoyin Masar sun daɗe suna kukan cewa alƙalan wasa da jadawali da hukumar ƙwallo duk suna karkata gare ta. Ko ba duka kukan ne gaskiya ba, inuwarta ta hana ƙananan itatuwa girma. Ƙungiyoyi bakwai kacal suka taɓa cin gasar Masar daga 1948 zuwa 2025, kuma tun bayan Ismaily a 2002 babu wanda ya taɓa kofin sai Ahly da Zamalek a tsawon wannan lokaci. Duk yaron da ya yi fice a wani gari, Alƙahira zai ƙare: Abutrika daga Tersana aka ɗauko shi, Goma daga Mahalla, Hadary daga Dimyaɗ. Mu a nan daga 2021 zuwa 2025 ƙungiyoyi biyar daban-daban suka ci gasarmu, Akwa United da Rivers United da Enyimba da Rangers da Remo Stars. Wannan ya fi daɗin kallo. Sai dai kuma shi ne ya sa duk wadda ta fita Afirka take zuwa a matsayin baƙuwa, da sababbin 'yan wasa, ta dawo da wuri. Tun Enyimba a 2003 da 2004 ba mu sake ganin kofin ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Mamba daban, mai goyon baya daban. Kuɗin zama mamba a Ahly ba na talaka ba ne. Miliyoyin da ke kuka in ta faɗi, da samarin da ke cika bayan raga da ganguna, ba su da ƙuri'a. Waɗanda suka fi ba gidan rai su ne ba su da ɗaki a cikinsa. Duk mai son ya kwaikwayi tsarin nan a garin da yawancin masu son ƙwallo 'yan acaɓa ne da leburori da ɗalibai, dole ya fara warware wannan ƙulli.

Sannan kuɗin attajirai sun fara gwada ƙarfin tsarin. Turki Al Sheikh na Saudiyya ya yi shugabancin girmamawa na Ahly, suka ɓata a 2018, ya sayi wata ƙaramar ƙungiya ya sa mata suna Pyramids. Ba ta da tarihi, ba ta da jama'a, ta kuma sauya hannu daga baya, amma a 2025 ita ta ɗauki kofin zakarun Afirka, bayan Mamelodi Sundowns, wata ƙungiyar ta attajiri, ta fitar da Ahly. Sundowns ɗin ce ta taɓa lallasa ta 5-0 a 2019. Martanin Ahly a wancan karon shi ne ɗauko kocin da ya yi mata wannan dukan, Pitso Mosimane, wanda ya kawo mata kofunan 2020 da 2021, Junior Ajayi namu yana cikin tawagar. Ko hakan zai ci gaba da yiwuwa in farashin 'yan wasa ya ƙara tashi kuma fam ɗin Masar yana faɗuwa, wannan tambaya ce ta gaske.

Duk da haka, in aka ɗora tarihinta a gefen namu, bambancin yana sa mutum shiru. A 1985 Ahly ta buga wasan ƙarshe na gasar masu cin kofin ƙalubale na Afirka da Leventis United ta Ibadan, da ƙyar ta sha da 2-1 a wasa biyu. Leventis ta ci gasar Najeriya a 1986. Kafin shekarun 1980 su ƙare kamfanin ya janye hannu, ƙungiyar ta watse. Abiola Babes ta bi sahu da mai ita ya ce ya gaji. Raccah Rovers ta Kano, zakarar 1978, sai a hirar dattawa. Ranchers Bees ta Kaduna da ta kai wasan ƙarshe na gasar masu cin kofin ƙalubale na Afirka a 1988 ta zama inuwar kanta. Masu ƙungiya a ƙasar nan iri uku ne, kamfani da attajiri da gwamnati, kuma kowanne da irin mutuwarsa. Ta kamfani tana mutuwa ranar da ciniki ya ja baya. Ta attajiri tana mutuwa ranar da ransa ya ɓaci ko Allah ya karɓi abinsa. Ta gwamnati ba ta mutuwa farat ɗaya, jinya take yi: sabon gwamna ya zo da sabon kwamiti, a sallami koci, a kwaso 'yan wasa ashirin, a ci bashin albashinsu, su watse a ƙarshen kaka, a sake sabon lale. Wadda ta daɗe a cikinsu, kamar Rangers ta Enugu da aka kafa a 1970 bayan yaƙin basasa kuma ba ta taɓa faɗuwa daga babbar gasa ba, ta daɗe ne saboda mutanenta sun ɗauke ta tasu tun kafin gwamnati ta ɗauki nauyinta. Irin wannan son ne ya ɗago Pillars da ta faɗi.

Na ga ƙaramin misalin abin da idona. Ƙungiyar unguwar da na buga wa wasa ina saurayi wani mai neman kujera ne ya saya mana riguna da ƙwallaye, yana biyan kuɗin mota in za mu Kaura Namoda ko Talata Mafara. Mun gode masa, kuma har yau ina gode masa. Da aka yi zaɓe bai samu ba, ba wanda ya kore mu, ba wanda ya ce an rushe. Wata uku kawai aka yi filin ya koma wurin shanya gero. Babu rijistar mambobi, babu asusu, babu takardar da ta ce filin na wane ne.

Ana yawan cewa mutanenmu ba za su biya kuɗi don ƙwallo ba. Ban yarda ba. A shiga kowane gidan kallo a Gusau ko Birnin Kebbi ko Jega ranar da Arsenal ko Barcelona ke wasa, a ga yadda ake miƙa kuɗin ƙofa ba gardama, mai gidan yana sayen man janareto da kuɗin tauraron ɗan adam daga ciki har ya ci riba. Gidan dambe ya rayu tun kaka da kakanni da kuɗin 'yan kallo da karin masoya, kowa ya san ɓangarensa. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, ya sha tsaiko na shekaru, ya dawo, saboda Kabawa sun san nasu ne kuma akwai masu sarautar da nauyin ke wuyansu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna karɓar kuɗin mako, suna da shugabanni da ma'aji, wasunsu sun girmi jihohin Zamfara da Kebbi. Mun iya riƙon abin tarayya. Ƙwallo ce kawai muka bar wa gwamnati kamar asibiti ko hanyar mota.

Ba na cewa gobe a kori gwamnati daga harkar. Tafiyar wasa daga Gusau zuwa Uyo ko Fatakwal, ga tsadar mai, ga hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, ba abin da kuɗin katin mamba zai ɗauka ba ne a yanzu. Kuma na san in aka ce za a yi zaɓen shugabannin kulob, 'yan siyasa za su riga kowa sayen katuna. Amma ana iya raba aikin. Gwamnati ta zama mai ba da fili da tallafi a rubuce na shekaru, sunan ƙungiya da takardar filin atisaye su zama na mambobi, katin ya yi arahar da ɗan acaɓa zai iya, a karanta kuɗin shiga da fita a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, kuma a fara da 'yan ƙasa da shekara 15 kafin a yi zancen sayo ɗan wasan gaba daga Kudu. Remo Stars ta attajiri ce, amma abin da ya fara ginawa a Ikenne fili ne da makarantar yara, kofin ya zo daga baya.

Kwanakin baya na so in haɗa sunayen waɗanda suka buga wa wata tsohuwar ƙungiya ta yankin nan wasa lokacin da take tashe. Aka tura ni wurin wani tsohon ɗan bayanta, wanda yanzu Keke Napep yake ja. Na ce, "Yaya, ina ake ajiye tarihin ƙungiyar nan?" Ya shiga ɗaki ya ɗago katifa, ya fito da wata baƙar leda. Hotuna goma sha ɗaya ne a ciki da katin shaidar ɗan wasa guda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini sunaye, wane ya rasu, wane yana Legas, wane ba a san inda yake ba. Uku daga cikin hotunan ruwan daminar bara ya shige su, fuskokin sun fara gogewa, kuma a layin baya akwai mutum biyu da shi kansa ya kasa tuna sunansu.